Shawarwarin makaɗa ga matashin mai kalangu a Mai Wurno

A wani zama da makaɗa suka yi a Mai Wurno, garin Hausawa da Fulani da ke kusa da Sinnar a ƙasar Sudan, wani matashi mai kalangu ya nemi shawarar dattawa kan yadda zai riƙe sana'arsa, ganin yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya rage bukukuwa.

Sun fi daɗewa a kan maganar lada. Sun ce ya yanke ciniki da uban biki tun kafin ya rataya kalangu, ya kuma karɓi kafin alƙalami, domin liƙi ya daina zama abin dogaro tun da darajar fam ɗin Sudan ta faɗi. Sun shawarce shi ya nufi Gadarif, yankin noma a gabashin Sudan, bayan girbin riɗi da dawa, lokacin da manoma ke da kuɗi a hannu kuma aure ke yawaita, ya kuma iya waƙa da Larabci kamar yadda ya iya da Hausa, tun da taron yakan haɗa maƙwabta. Da an kira salla, ya ajiye makaɗi.

Abin da ya fi ratsa ni shi ne maganar wani tsoho da ya dawo daga gudun hijira bayan ya rasa abokan kiɗansa biyu. Yanzu ko taron suna na mutum ashirin aka kira shi yakan je da murna, kuma kafin ya taɓa fata sai ya gode wa Allah da ya bar shi da rai, ya yi wa abokan nasa addu'a.