Wai Littattafan Kasuwa Ne?

Sani Ɗan Fagge: Jama'a yau raina a ɓace na tashi. Jiya na tarar da 'yar yayata tana kallon tsohon fim ɗin In Da So Da Ƙauna a waya, na ce mata kin karanta littafin? Sai yarinyar nan ta ce "Kawu, dama littafi ne?" Innalillahi! Littafin da Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar a 1991, muka yi ta karɓa-karɓa a aji har bangonsa ya cire, sai a 1994 aka yi fim ɗinsa. Sumayyar da na ƙera a kaina ba ita na gani a talabijin ba, har yau ban huce ba. Ni dai na faɗa, babu fim ɗin Hausa da aka ɗauko daga littafi da ya kama ƙafar littafinsa. Ko littattafan kasuwa da muka taso da su sun fi finafinansu, balle a je kan na su Abubakar Imam. Mai ja ya kawo misali.

Maman Ilham: Malam Sani dakata. Littattafan kasuwa kamar yaya? Tumatir ne?

Sani Ɗan Fagge: Hajiya haka ake kiransu ai, ba ni na raɗa musu ba.

Maman Ilham: Su wa ke kiransu haka? Ka gama kuka a kan littafi, sannan ka juyo ka zage shi.

Malam Bashir Zazzau: Hajiya a yi haƙuri, ba zagi ba ne, suna ne na ilimi. Adabin Kasuwar Kano. Farfesa Ibrahim Malumfashi ne ya fito da shi, ya kwatanta da ƙananan littattafan da aka yi yayi a kasuwar Anacha. An daɗe ana fafatawa a kai a jaridu, shi da su Farfesa Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da Ibrahim Sheme. Ba yau aka fara ba.

Maman Ilham: To ka ji da bakinka, an fafata. Da yabo ne wa zai fafata?

Usman Gwammaja: Ni fa ina da misalin da Yaya Sani ya nema. Shaihu Umar. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta, ya fito a 1934, Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976, Umaru Ladan ya fito a Shaihun. Littafin ɗan siriri ne, a zama ɗaya ka gama, amma a fim ka ga ayari da raƙuma da sahara da idonka. An gyara shi har an haska a Jamus a 2018. Wannan ina ganin ya riƙe littafinsa.

Anti Zee: Ni tambayata ga Malam Bashir. Magana Jari Ce kyauta aka raba ta?

Malam Bashir Zazzau: Ban gane ba.

Anti Zee: Za ka gane. Littafin da kuke taƙama da shi, JARI ne a tsakiyar sunansa. Jaridar da Imam ya fara yi wa edita a 1939, Gaskiya Ta Fi Kwabo, kuɗinta ma a goshinta yake. Amma namu ne na kasuwa.

Ɗan Kurmi: Anti Zee kin kashe bakinsa wallahi. A kawo ruwa.

Malam Bashir Zazzau: Wasa da kalma ba hujja ba ce. Bambancin a bayyane yake. Littattafan Zariya sun bi ta hannun masu tacewa. Gasar rubutu da Baturen nan Rupert East ya shirya a 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, an duba, an gyara, sannan aka buga. Na Kano kuwa mutum zai rubuta a littafin makaranta, ya kai maɗaba'a da kuɗinsa, ya kai wa dillalai a Sabon Gari. Babu edita. Shi ya sa za ka ga "ya ce" a haɗe, ƙ ta koma k, shafi guda babu aya. A raba labari kashi uku don a sayar sau uku. In ba kasuwa ba mene ne wannan?

Maman Ilham: Magana Jari Ce kashi nawa ce, Malam?

Malam Bashir Zazzau: Uku. Amma wannan daban.

Maman Ilham: Na gode.

Ɗan Kurmi: Dama 'yan Zariya haka kuke, komai sai an sa masa hula da alkyabba. Bature ya tace muku, mu muka tace wa kanmu. Kuma Imam ɗin ma ba naku ba ne, a Kagara aka haife shi a 1911.

Kabiru Bakatsine: Yawwa, tunda an zo nan. A Katsina ya yi karatu, a Katsina yake koyarwa lokacin da ya rubuta Ruwan Bagaja. Zariya aiki ya kai shi. Kowa ya saki.

Malam Bashir Zazzau: To ku zo ku ɗauke kamfanin Gaskiya daga Tudun Wada ku kai Katsina.

Usman Gwammaja: Jama'a, maganar Shaihu Umar fa? Babu wanda ya kalla?

Hajiya Babba: 'Ya'yana ku saurara. Ni ban yi boko mai nisa ba. Aure aka yi mini da wuri, karatun Hausa a ɗaki na ƙarasa shi, da waɗannan littattafan da kuke cewa na kasuwa. Yaro nake aikawa wurin mai haya a bakin layinmu, in karanta cikin kwana biyu a mayar. Ranar da na karanta Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat, na ga yadda Alhaji Abdu ya kori Rabi da 'ya'yanta saboda amarya, sai da na ajiye littafin na yi kuka, don maƙwabciyata ce sak. Wa Zai Auri Jahila? kuwa shi ya sa na koma makarantar manya. Aku mai ba da labari a Magana Jari Ce yana da daɗi, ban ƙi ba, amma aku bai taɓa faɗa mini abin da ke cikin gidana ba. Ku kira su abin da kuka ga dama.

Anti Zee: Allah ya ƙara girma Hajiya. Kuma shi wannan Alhakin an fassara shi da Turanci, wani kamfani a Indiya ya buga a 2012. Kasuwar ta yi nisa.

Maman Ilham: Tunda an ambaci Alhaki. Zee, nawa fa? Tun bikin ƙanwarki kika ara.

Anti Zee: Haba Yaya, a nan za ki yi mini wannan? Na ce miki yana wurin Umma.

Maman Ilham: Umma ta ce yana wurinki.

Sani Ɗan Fagge: Don Allah a dawo kan magana. Fim nake cewa. An yi fim ɗin Alhakin ma, an yi na Ki Yarda Da Ni na Bilkisu Funtuwa, wa ya kalla ya gaya mana?

Ɗan Kurmi: Yaya Sani ka janye "kasuwa" tukuna.

Nura Ɗorayi: Ni ban ga abin faɗa ba. Yawancinsu soyayya ce kawai, ta ɓata 'yan mata a makarantun kwana. Banza aka tara su aka cinna musu wuta a nan Kano a 2007, zamanin Malam Shekarau?

Anti Zee: Ka karanta guda nawa?

Nura Ɗorayi: Sai na sha giya zan san tana bugarwa?

Ɗan Kurmi: An ƙona takarda, yanzu ga su nan a WhatsApp da Wattpad, ƙanwarka na karantawa a ƙarƙashin bargo. Je ka ƙona waya.

Nura Ɗorayi: Kar ka sake sa ƙanwata a bakinka. Kuma mun san jam'iyyarku, ba littafi ne ya dame ka ba.

Malam Auwalu Shugaba: Siyasa a waje. Nura, Ɗan Kurmi, na goge saƙonni biyu, na uku fita ce.

Kabiru Bakatsine: Ni abin da na fi kewa mujallu ne. Mujallar Fim da Ibrahim Sheme ya fara a 1999, ina da tari a kwali, uwargida ta yi ta yagar su tana kunna gawayi.

Ɗan Kurmi: Fim ta Kaduna ce. Tamu Tauraruwa ce, ta Sunusi Shehu Daneji, a cikinta aka fara rubuta kalmar Kannywood. Komai dai Kano.

Malam Bashir Zazzau: Har da kuskuren rubutu.

Malam Auwalu Shugaba: To jama'a dare ya yi, bari in tattara. Abin da aka cim ma shi ne, kalmar "kasuwa" ba ta dace ba, kuma kusan kowa ya yarda da haka. An tabbatar da cewa marubutan Kano su suka shigar da karatu cikin ɗakunan mata, kamar yadda Hajiya Babba ta yi bayani mai gamsarwa. Malam Bashir ya kawo wasu 'yan bayanai, an ba shi amsa. An kuma amince littafi ya fi fim, tunda ba wanda ya kawo misali ko ɗaya. Mai neman tsofaffin littattafan nan ya same ni a shago bayan la'asar, akwai ragi ga 'yan zaure.

Usman Gwammaja: Ranka ya daɗe, sau biyu na ce Shaihu Umar.

Malam Bashir Zazzau: Shugaba ya yanke hukunci cewa ba na kasuwa ba ne, ya rufe da talla.

Maman Ilham: Zee, gobe zan aiko Ilham bayan Islamiyya. Ki nemo shi.