Ta yaya ake rarrabe wiwin sha da wiwin zare tun suna tsiro?

Sadiya_A:
Salama alaikum. Ina karatun kimiyyar tsirrai, wani abu ya ɗaure mini kai. An ce wiwin da ake sha da wanda ake nomawa don zare da man iri duk Cannabis sativa ne. To in ganye iri ɗaya ne, yaya mai bincike zai gane su kafin su yi fure?

Malam Haruna:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ido ba ya raba su, sai DNA, wato sinadarin gado da ke cikin kowace halitta. Wiwin sha yana ɗauke da ƙwayar halittar da ke haɗa THC, sinadarin da ke bugarwa. Na zare yawanci tasa na haɗa CBD ne, wani sinadari da ba ya bugarwa. Ɗan guntun ganye ko ƙwayar iri ɗaya ya isa a yi gwajin PCR, wanda ke gano irin ƙwayar halittar da tsiron ke ɗauke da ita.

Bashir:
Haka ne Malam, amma doka ba ruwanta da DNA. A Amurka dokar noma ta 2018 ta sa iyakar THC a wiwin zare kashi 0.3 cikin ɗari na busasshen tsiro. Ko na CBD ɗin yana ɗan fitar da THC, in ya daɗe a gona sai ya haura iyakar.

Sadiya_A:
Ke nan gwajin DNA na zaɓen iri ne kafin shuka, na sinadari kuma na kotu. Na gode, Allah ya ƙara basira.