Shawarwari kan gobarar daji daga zaman Alkaleri

A zaman manoma, makiyaya da mafarauta a Alkaleri, kusa da dajin Yankari, an fi daɗewa kan maganar iska. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na busowa daga arewa maso gabas, ciyawa ta bushe ƙayau, tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye gona. Dattawa suka ce kada a cinna wuta da rana tsaka, a bari sai da sassafe, iska na kwance. Wuta ta fi gudu idan tana hawan tudu, don haka kada mai kashe ta ya tsaya ta sama.

Abin da ya fi kama hankalina shi ne share gamba da karan dawa kewaye da rumbu tun bayan girbi. An kuma roƙi masu farautar gafiya da ɗibar zuma su kashe wutarsu kafin su tashi.