Musayar Waƙa: Shurbanov na Sofiya da Wuyar Fassarar Baiti

Mai Tawada:
Sallama gare ku, ma'abota rubutacciya,
Yau zance ya kai mu ƙasar Bulgariya.
Aleksandar Shurbanov, haifaffen Sofiya,
1941, ku riƙe ta a zuciya.
Jami'ar garin, ta 1888, uwa ce, sauran ɗiya,
Nan ya koyar da adabin Ingila, ya kai farfesa da juriya.

Hajiya Ƙwar-Biyu:
Malam, ka buɗe ƙofa, ga ni ina shigowa.
A 1970 fassararsa ta Chaucer, mawaƙin Ingila, ta yi fitowa,
Hikayoyin Canterbury, ɗango biyu-biyu ke amsawa.
Amsa-amo dole ya zauna, ma'ana ba a yarwa.
Mai gaggawa kan cusa kalma don cikewa,
Sai barkwancin ya mutu, dariya ta yi ɓacewa.

Ma'auni:
Hajiya, Allah ya ƙara basira, na Milton, shi ma mawaƙin Ingila, ya fi nauyi.
Paradise Lost, 1981, nan ya sha ɗawainiyar juyi.
Kashi 12, ɗango ya haura 10,000, ba amsa-amon da zai yi rufi,
Kowane ɗango gaɓa 10, biyar cikinsu murya ke dannawa da ƙarfi.
Kalmar Ingilishi gajera ce, gaɓa guda ta isa,
Ta Bulgariya doguwa ce, ɗango kan cika kafin zance ya ƙarasa.
Ga kuma ɗafa-ƙeya: kniga littafi, knigata littafin, gaɓa ta ƙaru,
Grad gari, gradat garin, dannawar ta koma gaɓar ƙarshe, kari ya tsaru ko ya karyu.
Magani uku ne: gaɓa ta 11 marar ƙarfi a wutsiya,
Ko a yar da siffar da ba ta ɗauke da kaya,
Ko jimla ta tsallaka ɗango, yadda Milton kansa ke tafiya.

Ƙanwar Marubuta:
Yaya Ma'auni, ashe nan muka rabu da su:
Mu tsawon gaɓa muke aunawa, dannawar murya ce tasu.
To wasannin Shakespeare fa? Mawaƙi Valeri Petrov ya riga shi juyar da su,
Me ya rage ga Shurbanov da har ya koma kansu?

Mai Tawada:
Ƙanwata, harshe na tsufa, fassara ma haka take.
Hamlet, Othello, Lear, Macbeth ya sake, yana sane da inda dandamali yake.
Ɗangon wasa da numfashi ake gwada shi, ba ido kaɗai ba,
In ya fi ƙarfin huhu ɗaya, ɗan wasa ba zai kai ba.
A 2001 shi da Boika Sokolova sun fitar da nazari
Kan yadda mulkin gurguzu ya sa wa Shakespeare jan fenti da tsari.
Waƙoƙin kansa kuwa, Hajiya, ki kawo mana bayani,
Da Bulgariyanci da Ingilishi ya rubuta su, harshe biyu a hannu ɗaya na gwani.