Wai tsakanin Najeriya da Nijar zumunci ne ko dai lissafi?

Ɗan Jibiya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Ni a Jibiya aka haife ni, kakata ta wajen uwa 'yar Maraɗi ce, biki ko rasuwa duk tare muke yi. Kullum shugabanni suka haɗu sai ka ji ana cewa Najeriya da Nijar Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, amma da sojoji suka kifar da shugaban Nijar Bazoum ranar 26 ga Yuli 2023, cikin 'yan kwanaki aka rufe boda aka yanke musu wuta har ana maganar kai yaƙi. To dan Allah zumuncin nan na fatar baki ne kawai?

Bagobiri:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Zumuncin jama'a gaskiya ne kuma ya girmi ƙasashen biyu, Maraɗi ma ai sarakunan Katsina ne suka kafa ta bayan jihadi, shi ya sa har gobe ake cewa Katsinar Maraɗi. Amma gwamnati abin da zai amfane ta take dubawa. Ko wutar nan da Nijar ke samu, wadda kafin juyin mulkin 2023 wajen kashi 70 cikin ɗari daga Najeriya take, sayar musu ake yi, kuma akwai dalili: kogin Kwara ta ƙasarsu yake biyowa kafin ya iso Kainji, in suka datse shi ruwan namu ya ragu. Shi ya sa ni yanke wutar ta fi komai ɓata min rai, don ko ta fuskar ribar ma asara ce, ka ƙara musu hujjar kammala dam ɗin Kandaji da suke ginawa a kan kogin kenan. A da an fi iya haɗa biyun, Diori Hamani, shugaban Nijar na farko, ya tsaya wa gwamnatin tarayya lokacin yaƙin basasa, a 1971 aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta ƙasashen biyu.

'Yar Ƙonni:
Malam ka faɗi gaskiya. Mu nan muka ɗanɗana kuɗarmu wallahi, magani ya yi wuya, shinkafa ta hau, wuta sai a wuni babu, kuma tsakaninmu da Illela ɗan taƙi ne amma zuwa gaida mara lafiya sai ta ɓarauniyar hanya a babur. Abin da ba za mu manta ba shi ne sanatocin Arewa sun ƙi yarda da yaƙi, malamai kuma suka tako har Yamai suka ga Janar Tiani, jagoran sojojin da suka karɓi mulki. Sai dai in za a yi adalci shugabannin namu ma lissafinsu suke yi, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma CEDEAO (ECOWAS) ta janye takunkumi a Fabrairu 2024 amma duk da haka suka fice tare da Mali da Burkina, iyakar Benin kuma suka bar ta a rufe suka ce tsaro.

Direban Dawanau:
Hajiya Allah ya ƙara haƙuri. Ni dai rufe bodar 2019 ta fi tsaya min a rai, lokacin ba juyin mulki ba rigima, Buhari ne ma da ya fi kowa kiran Nijar 'yan uwa, amma saboda shinkafar waje aka garƙame daga Agusta har Disambar 2020. Kuma shi ɗin ne ya fara titin jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, wasu na ta surutu wai an yi wa Nijar kyauta, alhali so ake kayansu su riƙa bi ta Legas maimakon Kwatano. Mu masu ɗauko wake da dabbobi mu kai gero da masara, kwana ɗaya mota ta yi a tsaye mun san abin da ya fita daga aljihunmu.

Ɗan Jibiya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Malam Bagobiri, hukumar nan ta 1971 tana nan kuwa har yanzu? Don in tana nan ina son in san me ta yi a watannin da aka rufe mu.