Ɗakin ajiyar tabar siga a gida: wa ya taɓa haɗawa, a ina ya sha wuya?

Kafintan Kubwa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Aiki ne ya faɗo mini da ban taɓa yin irinsa ba. Wani maigidana a nan Abuja yana so in mai da masa ɗan siton da ke ƙarƙashin benensa ɗakin ajiyar siga, wato tabar nan mai kauri da ake naɗewa da ganye zalla, irin ta Kyuba. Faɗi mita ɗaya da rabi, tsawo mita 2. Ya ce shi dai yana so danshin iska ya tsaya a 70 cikin ɗari, ma'aunin zafi kuma kada ya haura 21, rani da damina. Ni katako na sani, ban san iska ba. Wanda ya taɓa sa hannu a irin wannan ya faɗa mini inda ya yi tuntuɓe, kada in ci kuɗin mutum in bar shi da ɗakin banza.

Mai Gyaran Esi, Kano:
Wa alaikumus salam Malam. Na haɗa ɗaya shekara uku da suka wuce, kuma na sha kunya a kansa. Na ɗauka sanyi ne kawai ake nema. Na kafa esi mai doki ɗaya a ɗaki ɗan mitsitsi, na ajiye injin feshin danshi a ƙasa, na karɓi kuɗina. Abin da na manta, alhali sana'ata ce, esi tatsar ruwa yake yi daga iska. Ruwan nan da ke ɗiga a bayan gida ai daga cikin ɗaki ya fito. Injin feshi na zubawa, esi na kwashewa, ɗibar ruwa da kwando kenan. Kwampireso ya tashi, ma'auni ya faɗo 50, ya tsaya, ya hau kusan 80. Haka ake ta lilo dare da rana.

Da hunturu ya kama sai aka kira ni. Ka san Kano a Janairu, danshi kan sauka ƙasa da 20, leɓen mutum ma tsagewa yake balle ganye. Alhajin ya zaro kara ɗaya, ya kawo kusa da kunnena ya murza da yatsu biyu. Na ji ƙas-ƙas kamar busasshen ɓawon masara, ganyen waje ya dare daga baki har tsakiya. Bai ce mini uffan ba, ya mayar cikin akwati ya rufe. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Daga baya muka cire esin muka sa ƙaramar na'ura irin ta ɗakin ajiyar giya, wadda ba ta tatsar iska sosai. Amma ba ita ta gyara abin ba sai da muka toshe ɗakin.

Injiniya a Teksas:
Oga mai esi ya taɓo jijiyar a ƙarshe. Malam kafinta, riƙe lissafin nan. Iskar da maigidanka ke so tana ɗauke da ruwa kusan giram 13 a kowace mita kubik, wato mita ɗaya a tsawo, faɗi da tsayi. Iskar hunturu da rana, a ce zafi 30 danshi 15, ba ta kai giram 5 ba. Ta Agusta kuwa, zafi 28 danshi 80, ta haura giram 20. Ka ga a hunturu ruwa gudu yake daga ɗakinka zuwa waje, da damina kuma kutsowa yake ciki, kuma bulo da siminti ba sa tare shi. A nan Amurka ana cewa a sa ledar tare danshi ta ɓangaren da ya fi ɗumi. Ku da iska ke juya muku sau biyu a shekara, gara abin da ke tarewa ta ko'ina: allunan ɗakin sanyi irin na masu kifi da kaji, ko kumfar feshi mai rufaffen ido. Rufi da daɓe ma duka. Ƙofa ta zama mai roba a gefe kamar ta firij. Ka shiga ka rufe, a haska tocila daga waje. Inda haske ya shigo, nan iska ke bi.

Nawa ɗakin a gareji yake. A Fabrairun 2021 da sanyi ya kashe wuta a jihar nan, kwana uku ba na'urar da ta yi motsi, amma da yake a toshe yake ban buɗe ba, abin da danshin ya motsa bai taka kara ya karya ba.

Kuma ka gaya wa maigidanka 70 ɗin nan ba aya ba ce. Kamfanin Habanos na Kyuba da kansa 65 zuwa 70 yake cewa, zafi 16 zuwa 18. Mu nan ta Kyuba ma doka ta hana shigo da ita, takunkumi tun 1962, sai ta Nikaraguwa da Jamhuriyar Dominika muke ajiyewa. Ni a 66 nake barin nawa.

Ɗan Zangon Kumasi:
Yaya, bar ni da maganar katako, nan ne gonata. Wanda ake jerawa a ciki sunansa sida na Sipaniya, amma bai da haɗi da Sipaniya, asalinsa Kudancin Amurka da ta Tsakiya. Dangin maɗaci ne da darbejiya. Ana shuka shi da yawa a nan Gana, muna ce masa sedrela, don haka ba sai ka yi odar sa daga ƙetaren teku ba. Yana shan danshi ya riƙe, iska ta bushe ya saki, ƙanshinsa kuma ya dace da taba.

Kuskurena: na sayar wa wani ɗanye-ɗanye, wanda ba a busar a tanda ba. Bayan wata biyu ya fara zubar da ƙaro, ya manne wa akwatunan mutumin. Sai da aka goge da sifirit aka bi da samfefa. Kada ka shafa masa fenti ko banish, barinsa ake tsirara. Ka sa ƙananan sanduna tsakaninsa da bango don iska ta zaga, kantoci kuma su zama masu rata. Ƙusa ta zama wadda ba ta tsatsa. In za ka yanka ka rufe hanci, ƙurarsa ɗaci gare ta kamar ɗan'uwansa maɗaci.

Uwargida:
Ku maza kuna ta lissafi, ni ce na ga abin da ido. Mun yi tafiyar sati biyu a watan Afrilu, aka ɗauke wuta, batirin inbata ya mutu, ɗakin maigidana ya gasu. Bayan kamar wata ɗaya na shiga shara na ga wani gari ja-ja a kan kanta kamar yajin da ya zube. Na ɗaga kara, sai ga huji ƙanana kamar an soka allura, ga wani ɗan ƙwaro mai ruwan ƙasa bai kai ƙwayar shinkafa ba yana tafiyarsa. Ashe ƙwan yana iya zuwa tun cikin ganyen, zafi ne ke ƙyanƙyashe shi in ya wuce 22 zuwa sama. Akwati biyu muka zubar. Sauran ya ƙulle a leda biyu-biyu, kwana ɗaya a firij, uku a firiza, ɗaya kuma a firij. Naman da na ajiye sai gidan maƙwabta na kai. Har yau bai gama biyana wannan ba.

Jikan Agalawa:
Hajiya, sannu da haƙuri. Ni dariya nake tun ɗazu, don duk abin nan kakana ya yi shi da goro ba wuta ba inji. A shimfiɗa ɗanyen ganye a huhu, a jera, a rufe, a ajiye inda rana ba ta kai. Lokaci-lokaci a kwance a sake ganye, a tsince mai sankara kafin ya shafa wa sauran. Ya bushe ya yanƙwane, ya jiƙe ya yi funfuna. Wanda ke ajiyar taba shi ma ya riƙa buɗe akwati yana dubawa, kada ya sakar wa ma'auni.

Mai Gyaran Esi, Kano:
Baba Jikan Agalawa ya tuna mini, ma'aunin ma ƙarya yake yi. Zuba gishiri a murfin kwalba, ɗiga ruwa ya jiƙe kamar yashin gini, sa shi da ma'aunin a leda mai zif, ka bari ya kwana. Dole ya nuna 75. Nawa 68 ya nuna, wato wata da watanni ina ƙara ruwa a ɗakin da ya riga ya ƙoshi. Injin feshi kuma tataccen ruwa ake ba shi, irin na batir marar asid. Ruwan burtsatse farin gari yake bari a kan komai.

Malamar Jinya:
Ban zo ɓata muku hira ba. Amma tunda Baba ya ambaci sankara: siga ko ba a zuƙe hayaƙin zuwa huhu ba tana jawo sankarar baki da ta maƙogwaro, kuma kara ɗaya babba kan ɗauki tabar da ta kai ta kwalin sigari guda. Na yi jinyar mai ita a harshe, abinci ta bututu muke ba shi. Malam kafinta ka yi aikinka, amma kada a ba ka tukwici da ita.

Ɗan Bertuwa:
Ƙari kaɗan. In akwai masu ganyen Kamaru a cikin kayansa, su za su fara tona maka asiri. Nan gabashin ƙasarmu ake noma shi, ana kai wa masu naɗi a Jamhuriyar Dominika su rufe siga irin su Hemingway ta kamfanin Arturo Fuente. Siriri ne ƙwarai, iska ta ɗan bushe ya tsage.

Kafintan Kubwa:
Allah ya saka da alheri, kowa da kowa. Anti Malama, na ji, ni ko sigari ban taɓa sawa a baki ba. Jiya na kai masa sabon lissafi: allunan ɗakin sanyi, ƙofa mai roba, fanka ƙarama, ƙwan LED da ba ya zafi, sola ta ɗakin ita kaɗai, da sati biyu na barin katako ya sha danshi kafin a shigar da ko kara ɗaya. Kuɗin ya kusa ninka na farko. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya tambaye ni nawa ne in an rage ɗakin zuwa rabi. Ɗan'uwa na Kumasi, sedrela busasshe mai kaurin rabin inci, nawa ake sayar da falanki yanzu, kuma motar da ke zuwa Legas tana ɗauka?