Shafinmu ya koma gidan jiya, ina mafita?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum. An gyara shafin intanet na wata ƙungiya don makafi su iya amfani da shi, bayan wata uku ya sake rikicewa. Me ke jawo haka?

Hajiyar Tarauni: Wa alaikumus salam, ɗana. Masu ɗora sanarwa kullum ne ke ɓata shi. Su ɗauki takarda a hoto su ɗora, manhajar da ke karanta wa makaho rubutun allo da murya kuwa sai ta ce "hoto" ta wuce, makaho bai ji komai ba. A buga rubutun da hannu, kowane hoto a rubuta masa bayanin jimla ɗaya. A ɗora alhakin a wuyan mutum guda, a koya wa duk sabon ma'aikaci.

Malamin Gwale: Hajiya ta faɗi gaskiya. Ƙari: duk wata a ajiye linzamin kwamfuta, a bi shafin da maɓallin Tab kaɗai, inda aka maƙale, nan gyara yake. A saurare shi da NVDA, manhajar karanta allo a kwamfuta, kyauta ce, da takwararta TalkBack a wayar Android. Bambancin launin rubutu da bango kada ya gaza 4.5 zuwa 1, ma'aunin WCAG ke nan, wato ƙa'idojin duniya na sauƙaƙa wa masu nakasa amfani da shafukan intanet. Kuma kada a biya mai haɗa shafi cikon kuɗinsa sai makafi sun gwada, su ma a biya su ladansu.